Malamin Birane da Masu Birni: Da Me Za A Auna Aikin Mabogunje?

Sa'ad da Farfesa Akinlawon Ladipo Mabogunje ya rasu a ranar 4 ga watan Agusta na 2022, yana da shekara 90 a duniya, jaridun ƙasar nan sun sauke haƙƙin da ke kansu na ambaton darajojinsa, suka tunatar da jama'a cewa shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar malaman labarin ƙasa ta duniya, daga 1980 zuwa 1984, cewa majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta zaɓe shi cikin mambobinta na ƙasashen waje a 1999, cewa kuma a 2017 an ba shi lambar Vautrin Lud a Faransa, wadda ma'abota wannan fanni suke ɗauka ita ce ƙololuwar girmamawa a tsakaninsu. Duk wannan gaskiya ne, ya kuma cancanci a faɗa. Sai dai a jami'o'inmu na yau an ɗauki wata al'ada ta auna malami da yawan maƙalolin da ya buga a mujallun ƙetare da yawan waɗanda suka ambace su, alhali kuwa magabatanmu, idan za su yi shaidar malami, abin da suke tambaya shi ne su wa ya karantar, wace husuma fatawarsa ta kashe, wace maslaha kuma ta tabbata ga jama'a ta dalilinsa. Wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin birane ya fi kowa cancantar a yi masa irin wannan hisabi, domin abin da yake nazari yana nan a fili, mutane suna kwana suna tashi a cikinsa.

An haifi Mabogunje a Kano a 1931, iyayensa kuwa mutanen Ijebu-Ode ne a ƙasar Yarabawa. Ya yi karatu a Ibadan da Landan, inda ya sami digirin digirgir a 1961, ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan a 1965, sa'an nan a 1968 ya fitar da littafinsa kan bunƙasar birane a Nijeriya, wanda har yau ɗalibin wannan fanni ba ya wadatuwa ga barinsa. A wancan zamani akwai daga cikin marubutan Turai masu ganin cewa birni na haƙiƙa baƙo ne a ƙasar baƙar fata, kuma garuruwan da suka tarar manyan ƙauyuka ne na manoma kawai. Bahaushe ba ya bukatar a kawo masa dalili kan ɓacin wannan magana, tun da yake ya gaji labarin cewa Sarkin Kano Gijimasu ya fara ganuwa tun ƙarni na goma sha biyu, Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na goma sha biyar, Bature matafiyi Barth kuma da ya shigo Kano a 1851 ya tarar da birni mai marina da masaƙa da fatake, ya ƙiyasta mazaunansa na dindindin sun kai 30,000. Amma sanin gado daban, kafa hujja a gaban masu jayayya daban, kuma abin da Mabogunje ya yi shi ne ya ɗauki alƙaluman ƙidaya da hanyoyin lissafi waɗanda su kansu masu jayayyar suka yarda da su, ya nuna cewa biranen Arewa sun tashi a kan cinikin Sahara da sana'o'in hannu, na Yarabawa sun tashi a kan nasu tsarin sarauta da kasuwa, kuma zuwan Turawa ya karkatar da wannan tsohon tsari zuwa bakin teku. Garin da layin dogo ya ratsa, irin Kano da jirgi ya iso mata a 1911, ya ƙara girma. Wanda layin ya kauce masa ya tsaya cik ko ya koma baya. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 kuwa ta keɓe kula da tsabta da tituna ga unguwannin Turawa da sababbin garuruwan baƙi, ta bar tsofaffin birane cikin ganuwarsu da ɗan abin da baitulmalin En'e zai iya. Duk wanda ya tsallaka daga Nassarawa zuwa cikin birnin Kano a yau zai ga cewa wannan rabo bai gama gushewa ba.

Ina so mai karatu ya lura da cewa tun daga farko mutumin nan bai yi aiki shi kaɗai ba. Littafin da aka buga kan birnin Ibadan a 1967 shi da Peter Lloyd, masanin zaman al'umma, da Bolanle Awe, masaniyar tarihi, suka haɗa shi, a ciki kuma Abner Cohen ya yi bayanin Hausawan unguwar Sabo, da yadda cinikin goro da shanu ya rataya a kan amana tsakanin mai gida da baƙonsa da dillali. Haka nan da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya ci tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 a ƙasashen Borgu da Yawuri, shi ne ya tattara binciken masana daban-daban kan halin da waɗannan mutane suka shiga, aka buga a 1973. Ina ganin daga irin wannan cuɗanya ne ya ciro maƙalarsa ta 1970 kan ƙaura daga karkara zuwa birni, wadda ta fi dukkan rubuce-rubucensa yawo a duniya. Ma'anarta ita ce, saurayin da ya bar ƙauye bai yanke shawara shi kaɗai ba: akwai iyaye da dangi masu riƙe shi ko sallamarsa, akwai tsarin gado da ke ba shi gona ko hana shi, akwai wanda ya riga shi zuwa birni mai ba shi masauki da nema masa abin yi, akwai kuma labarin da ke komawa gida, wanda idan na alheri ne sai ya buɗe hanya ga na baya, har ka ga mutanen ƙauye guda sun taru a unguwa guda suna sana'a guda. Kowane ɗan cin rani daga Sakkwato ko Maraɗi ya san wannan a aikace. Falalar malamin ita ce ya mai da shi ƙa'ida wadda mai mulki zai iya amfani da ita, ya gane cewa korar baƙi daga bakin titi ba ta tsai da zuwan wasu matuƙar dalilan da ke turo su suna nan a gida.

Babban gwajin ilminsa ya zo ne a Abuja. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba batun sabon babban birni, a Fabrairun 1976 aka kafa dokar yanke ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kuma niyyar gwamnati a lokacin ita ce a kwashe dukkan mazauna yankin a sake musu matsuguni a waje, domin birnin ya zama na kowa, kada wata ƙabila ta ce gadonta ne. An gina wannan niyya a kan zaton cewa ƙasar kusan wofi take. Mabogunje ne ya jagoranci ayarin masana daga jami'a, masu ilmin tsirrai da ƙasa da cututtuka da ƙidaya, suka bi yankin ƙauye ƙauye, suka dawo da sakamakon da ya saɓa wa zaton hukuma ta fuska biyu. Ta fuskar farko, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauran mazauna wurin sun fi abin da aka zata yawa nesa ba kusa ba, diyyar tashinsu kuma za ta cinye dukiyar da ake so a gina birnin da ita. Ta fuska ta biyu, dajin yana da ƙudan tsando, bakin kogunansa kuma yana da ɗan baƙin ƙudan nan mai jawo makanta, noman mutanen ne ke sassabe dajin yana rage su, saboda haka idan aka kwashe manoman, ƙudan ne zai gaje ƙasar. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya manufa, ta ce ba za a tashi kowa ba sai wanda aikin ginin birni ya biyo ta kansa.

Wannan tasiri ne na haƙiƙa, irin wanda ba ya fitowa a lissafin ambaton maƙaloli, gama dubban gidaje sun zauna a gonakin kakanninsu saboda wasu malamai sun taka ƙasa sun ƙirga. Amma adalci ya sa a faɗi ragowar labarin. Da binciken ya shiga hannun hukuma, sai ya fita daga hannun masu bincike da na waɗanda aka bincika gaba ɗaya. Manufar sake matsuguni ta yi ta juyawa daga gwamnati zuwa gwamnati, 'yan asalin yankin har yanzu suna kukan diyya da filaye, birnin da aka tsara wa mutum miliyan uku da 'yan kai idan ya cika ya tura akasarin ma'aikatansa zuwa Nyanya da Mararraba da Suleja, suna ɓata sa'o'i a hanya safe da yamma tun bayan komawar gwamnati a Disambar 1991. Mai mulki ya ɗauki abin da ya sauƙaƙa masa kashe kuɗi daga cikin nasihar, ya bar abin da ke bukatar haƙuri da bibiya.

Irin wannan ne ya sake faruwa, da ɗan bambanci, a sauran hidimomin da ya yi wa gwamnati. A zamanin Janar Babangida, Mabogunje ya shugabanci hukumar bankunan al'umma, bisa ra'ayin cewa mutanen gari, waɗanda suka san mai gaskiya da mai cin bashi a cikinsu, su haɗa jari su ranta wa junansu da amana a madadin jingina. Na farkonsu an buɗe shi a Tudun Wadar Kaduna a ƙarshen 1990, cikin 'yan shekaru suka haura dubu, da yawa suka durƙushe, waɗanda suka rage kuma Babban Banki ya umarce su da su rikiɗa zuwa ƙananan bankunan lamuni bayan manufarsa ta 2005. Sa'an nan a 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗora shi a kan kwamitin gyaran sha'anin filaye. Mas'alar a nan babba ce: dokar filaye ta 1978, wadda ta samo tushe daga dokokin Arewa na 1910 da 1962, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta sharɗanta yardarsa kafin sayarwa ko jingina, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai da wahala mai yawa. Ƙiyasin da masu wannan aiki suka yi ta ambata shi ne cewa filayen da ke da rajista a ƙasar nan ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba, wato galibin masu gida da gona ba su da takardar da banki zai karɓa ko kotu ta dogara da ita. Shawararsu ita ce a bi unguwa unguwa, a tara maƙwabta da mai unguwa su shaidi iyakar kowa a bainar jama'a, a ba shi takarda da kuɗi kaɗan. Shugaban ya rasu a watan Mayu na 2010, gyaran dokar bai wuce majalisa ba, abin da aka samu daga baya shi ne gwaji a wasu yankunan Kano da Ondo.

Akwai masu zargin Mabogunje da cewa ya yawaita tsayuwa a ƙofar masu mulki, har da na soja, kuma wannan zargi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin malamanmu sun daɗe suna tsoratarwa game da malamin fada. Sai dai su ɗin ma ba su haramta nasiha ga sarki ba: Al-Maghili ya rubuta wa Rumfa yadda ake riƙon mulki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina yana umartarsa da raya garuruwa da kasuwanni da hanyoyi da kula da masu sana'a. Wanda fanninsa birni ne ba shi da makawa sai ya yi magana da mai ikon yanka fili da shimfiɗa titi, in ba haka ba ilminsa ya ƙare a kan kanta. A ganina laifin ba a zuwa fada yake ba. Rauninsa shi ne, aikin da ya rataya a wuyan mutum guda yana faɗuwa ranar da mutumin ya faɗi, kuma tarihin nan da na zayyana ya maimaita wannan darasi har sau uku.

Shi kansa, bisa ga abin da ayyukansa na ƙarshe suka nuna, ya kai ga wannan fahimta, domin a 1999, yana dab da shekara saba'in, ya koma garin iyayensa ya gwada wata hanya. Cibiyar nazarin manufofin raya ƙasa da yake jagoranta a Ibadan, tare da tallafin shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da birane, ta shirya taron shawara na gari a Ijebu-Ode, sarkin garin, Awujale Oba Sikiru Adetona, ya ba da goyon bayansa da sunansa, aka zaunar da matan kasuwa da masu sana'o'i da ƙungiyoyin tsara da shugabannin addini da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan garin da suka yi arziki a Ikko, aka tambaye su mene ne talauci a garinsu, me kuma suke iya yi da hannunsu. Kafin taron an yi binciken halin garin, don kada muhawara ta tashi a kan jita-jita. Daga nan aka kafa hukumar gari wadda ba ta gwamnati ba, mai tara gudummawa, mai koyar da sana'a, mai ba da rance ta hannun ƙungiyoyin gama kai inda kowa ke lamunin ɗan'uwansa, kuma mafi shaharar abin da ya fito daga cikinta shi ne ƙauyen kiwon tarwaɗa na Eriwe, inda masu ƙaramin ƙarfi suke haƙa tafkunansu a fili guda suna sayarwa tare. Ba na cewa talauci ya ƙare a Ijebu-Ode. Abin da nake cewa shi ne aikin ya ga shugabannin ƙasa da gwamnoni sun zo sun wuce yana nan, saboda masu shi suna kwana a garin. Abin sha'awa kuma, daga wannan aiki ne ya rubuta bayani tare da Robert Kates, masanin labarin ƙasa na Amurka, ya kuma buga maƙala a mujallar majalisar masana kimiyya ta Amurka a 2007, wato martabar ƙetare ta biyo bayan amfanin gida, ba a sayar da ɗaya don a sami ɗaya ba.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Biranen Arewa ba su rasa tsari a takarda ba: Kano ta sami na Trevallion a shekarun 1960, Kaduna ta sami na Max Lock a 1967, Michael Mortimore kuma ya shafe shekaru a Zariya da Kano yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke ciyar da birni da yadda takin birni yake komawa gonakinsu. Jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye masu digiri a labarin ƙasa da tsara birane kowace shekara, kundayensu cike da bayanin kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, da ganuwar da ake ci, da unguwannin awon igiya marasa magudanar ruwa, da ambaliyar da ke biyo bayan haka kowace damina. Akasarin wannan ilmi an yi shi ne kamar ɗinkin telan da bai auna mai riga ba: an shiga unguwa da takardar tambayoyi, an fita, mutanen unguwar ba su sake jin ɗuriyar abin da aka gano a kansu ba. Alhali kuwa muna da irin abin da Mabogunje ya dogara da shi a Ijebu-Ode, har ma fiye: mai unguwa da dagaci da hakimi waɗanda suka san iyakar kowane gida, sarakunan sana'a, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau, kwamitocin masallatai, 'yan aikin gayya masu yashe kwata kafin ruwa ya sauka, da mata masu adashi waɗanda suke riƙe amanar kuɗi ba tare da takarda ba. Waɗannan su ne hukumar birni ta yau da kullum, kuma ba kasafai mai bincike yake zama da su zaman abokan aiki ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, domin malamin jami'a ya san cewa ƙarin girmansa yana zuwa ne daga maƙalar da ya buga da Turanci, ba a kuma lissafa masa shekarar da ya yi yana taimakon wata unguwa ta shata iyakokinta ko ta gano inda ruwanta yake toshewa. Majalisun jami'o'i ne suka kafa wannan ma'auni, su ne kuma masu ikon gyara shi, ta yadda za a sharɗanta wa mai binciken birni ya koma ya karanta wa mutanen da ya bincika sakamakonsa da harshensu, a gaban mai unguwarsu, a rubuta abin da suka gaskata da abin da suka ƙaryata a haɗa da kundin. Masarautu kuma, waɗanda dokar ƙananan hukumomi ta 1976 ta raba su da mulki amma ba ta raba su da amincewar jama'a ba, suna iya kiran irin taron da Awujale ya goyi baya, a fara da gunduma guda, Fagge ko Dala ko Tudun Wadar Zariya, a ɗauki mas'ala guda, wato takardun filaye, tun da yake an riga an gwada hanyar a Kano kuma akwai ma'aikatan da suka koye ta. Kafin wannan duka, ya kamata sashen Hausa da sashen labarin ƙasa na ɗaya daga cikin jami'o'inmu su haɗu su fassara babin da ke magana kan tsofaffin biranen Arewa daga littafin 1968, da maƙalar ƙaura ta 1970, a karanta su a rediyo, domin hakimi da kansila da shugaban 'yan kasuwa su sami abin da za su yi muhawara a kansa da masu zanen taswira.